Tukwane da ƙasusuwan da aka tono ta hanyar Dass: shekara 5000, in ji wa?

Ɗan Ƙofar Ran:
Assalamu alaikum jama'a. Ga bidiyon da na yi muku alkawari. Gonar abokina ce a gindin dutse ta hanyar Dass. Masu ɗibar jar ƙasa a tifa ne suka ci gefen gonar, sai ga tukwane a jere cikin ƙasa, da ƙasusuwa manya-manya, da wani faffaɗan dutse mai zane kamar rubutu. Mun koma da diga da shebur mun ƙara tonawa, ramin ya fi tsayin mutum, mun fito da tukunya guda ko tsagewa ba ta yi ba. Wani da ya ga hoton dutsen ya ce irin rubutun Misira ne na zamanin Fir'auna. Ni na yi imani birnin mutanen farko ne, ƙattin nan da ake ba da labari, kuma ba zai gaza shekara 5000 ba. Ke nan Bauchi ta girmi Nok, tsohuwar al'adar nan ta mutum-mutumin laka da aka gano a kudancin Kaduna. Ku taya mu yaɗawa, duniya ta san mu ma muna da tarihi.

Maman 'Yan Biyu:
Ikon Allah! Na tura wa 'yan gidanmu. Ko mutanen Adawa ne?

Malamar Tarihi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Na kalli bidiyon sau da yawa, kuma ba na shakka kufai ne na gaske kuka samu. Abin da zan fara roƙonka, don Allah ku ajiye digar nan. Kada a ƙara sara ko ɗaya.

Ilimin tono kayan tarihi na karanta a Zariya, kuma abu na farko da ake cusa wa ɗalibi shi ne tukunya ita kaɗai ba ta faɗin komai. Inda aka same ta ne yake magana: a wane zubin ƙasa take, me ke samanta, me ke ƙarƙashinta, akwai toka ko gawayi a gefenta, a kife take ko a zaune. Da zarar ka ɗaga ta ka wanke ka jera a tsakar gida, wannan shaidar ta tafi, kuma babu mai iya mayar da ita.

Sai in tambaye ka, wannan 5000 ɗin daga ina ta fito? Wa ya auna, kuma me ya auna?

Ɗan Ƙofar Ran:
Anti, zurfin ramin mana. Abin da ƙasa ta binne har ya fi tsayin mutum ai ba na jiya ba ne.

Baba Mai Ritaya:
Yaro, zurfi ba shekaru ba ne. Na yi aikin awon ƙasa a filayen kuza na Jos da ƙuruciyata. A gindin dutse, ruwan damina yana kwaso ƙasa daga sama ya jibge a ƙasa, cikin 'yan shekaru ka ga ya rufe kututturen itace. A kan tudu kuma zaizaya tana fito da abin da ya daɗe ƙwarai ya zauna a fili kana takawa. Ka duba kwalbatocin cikin garin nan yadda yashi ke cika su damina ɗaya.

Kuma duwatsun Dass ɗin nan ai mutane sun zauna a kansu da gindinsu har zuwa zamanin Turawa. Lokacin yaƙe-yaƙe da hare-haren kama bayi kowa dutse yake hawa, sai da aka samu kwanciyar hankali aka sauko fili. Kufan da ke kewayen Bauchi da yawa ba su wuce zamanin kakannin kakanninmu ba. Ban ce naku haka yake ba, amma kafin ka tsallaka zuwa 5000 sai ka kawar da wannan tukuna.

Jikan Maƙera:
Ni fa abin nan yana ci mini rai. Duk lokacin da ɗan ƙasa ya samo wani abu, sai 'yan boko su taso da "ina hujja, ina gwaji". In Bature ne ya zo ya leƙa ramin ya ce 5000, da yanzu an buga a littafi yaranmu suna haddacewa. Mu kakanninmu sun ba mu labarin waɗanda suka zauna a duwatsun nan, amma ba a ɗaukar maganarsu a bakin komai sai an kai gawayi Jamus. Yaushe za mu yarda da kanmu?

Malamar Tarihi:
Yaya, haushinka yana da tushe, amma ka duba a hannun wa wannan ƙa'idar ta taimaka.

Da Turawa suka ga ginin dutsen Zimbabuwe, cewa suka yi baƙar fata ba zai iya wannan ba, sai dai Finisiyawa ko mutanen Sarauniyar Saba. Ba su da hujja, son zuciya ne, kuma ya yi wa masu mulkin mallaka daɗi. Me ya rushe maganar? Tono bisa ƙa'ida. David Randall-MacIver a 1905, sannan Gertrude Caton-Thompson a 1929, suka bi zubin ƙasa ɗaya bayan ɗaya, suka nuna tukwane da kayan da ke ƙarƙashin ginin na mutanen wurin ne. Haka Leo Frobenius ya zo Ife a 1910, ya ga kawunan tagulla da na laka, ya ce ragowar wata ɓatacciyar ƙasa ce wai Atlantis. Shi ma bincike ne ya kayar da shi.

Kuma ba a ƙyale Bature don yana Bature. A 1912 aka fito da wani ƙoƙon kai a Piltdown ta Ingila, wani mai sha'awar tono, Charles Dawson, ya ce ya samo kakan ɗan Adam. Manyan masana suka karɓa, don suna so a ce abin a ƙasarsu yake. Sai 1953 gwaji ya nuna ƙoƙon mutum ne aka haɗa da muƙamuƙin biri, aka goge haƙoran aka rina. Shekara 41 ana koyar da ƙarya saboda an so ta.

Yanzu ka lura da abin da aka gaya wa ƙanenmu: wai rubutun Misira ne. Wato ko a gonarmu aka samu abu, sai an jingina shi da wasu kafin ya yi daraja. Wannan ita ce tsohuwar maganar Turawan, mun karɓe ta da hannunmu.

Jikan Maƙera:
To labarin kakanni fa? Kin tsallake shi.

Malamar Tarihi:
Ban tsallake ba. Labarin baka shaida ne, kuma mai binciken kirki da shi yake farawa. Kafin ya kafa igiya a ƙasa sai ya zauna da dattawa: su wa suka zauna nan, me ya tashe su, ina maƙabartarsu, ina suke narka tama. Waɗanda suka yi aiki a yankin Kirfi haka suka yi, suka haɗa labarin mutane da abin da ƙasa ta nuna. Inda labarin baka yake da rauni shi ne lissafin shekaru. Yana riƙe sunaye da dalilin ƙaura, amma "tun zamanin da" tana iya zama shekara 150, tana iya zama 1000. A nan ne ake buƙatar awo.

Kai da ka fito gidan maƙera ma kana da abin da ni ba ni da shi. A minti na biyu na bidiyon akwai wasu baƙaƙen dunƙule a gefen ramin. Duba mana.

Jikan Maƙera:
Na gani. Kashin tama ne wannan, dattin da ke saura in an narka ƙarfe, ko shakka babu. Har da guntun bututun laka da ake zura wa zugazugi. An narka ƙarfe a wurin.

Malamar Tarihi:
Madalla. Ka ga a nan ganin idonka hujja ne, don kowa zai iya ɗaukar dunƙulen ya kai wa wani maƙerin ya tabbatar. Kuma in har tare suke da tukwanen, sun riga sun ja wa 5000 birki. Murahun narka ƙarfe na Taruga, wani kufai na mutanen Nok, waɗanda suke cikin mafi daɗewa da aka tabbatar a ƙasar nan, ƙarnuka kaɗan ne kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sannan an ci gaba da narka tama a ƙasar Bauchi har shigowar ƙarfen Turawa. Wanda ya je Yankari ya san murahun da ke tsaye a Shau Shau. Don haka kashin tama yana iya zama na shekara 2000, yana iya zama na 120.

Ɗalibin Duwatsu:
Bari in sa baki kan dutsen mai "rubutu", don fannina ne. Duwatsunmu na Bauchi galibi dangin giranit ne, har akwai wani nau'i da masana suka raɗa wa sunan garin nan. Irin wannan dutse yana da jijiyoyin farin ƙanƙarar dutse da ke ratsa shi, yana kuma tsagewa a miƙe saboda zafin rana da sanyin dare. In ƙasa ta shiga tsagar sai ka rantse da hannu aka zana. A hoton nan layukan sun bi ta gefen dutsen sun zagaya har bayansa, wasu sun nutse ciki. Mai rubutu a fuskar dutse yake yi, ba ya bin jijiya.

Ga yadda ake rarrabewa. Aikin hannu yana barin sawun sassaƙa, ƙananan ramuka a jere ko kwari mai santsi. Rubutu kuma yana da alamomin da suke maimaituwa, a kan layi. In an ce na Misira ne abin ya ma fi sauƙi, don tun 1822 Champollion ya buɗe hanyar karanta shi, kuma yau akwai masu karanta shi da yawa. Wanda ya ce na Misira ne ya karanta mana layi ɗaya, mu kai wa wani masanin da bai san shi ba mu ji ko za su faɗi abu guda.

Mu da muke da zanen dutse na gaske a Geji da Shadawanka da Shira, shanu da namun daji da jan launi, yawancinmu ko zuwa gani ba mu taɓa yi ba.

Ɗan Ƙofar Ran:
Wanda ya faɗa ɗin ba masani ba ne, a Facebook ya rubuto min. Amma ƙasusuwan fa? Ku dubi kaurinsu. Wannan ba ƙashin irinmu ba ne.

Nas Daga Gombe:
Ƙanena, ɗauko tef ɗin tela ka auna mafi tsawon, ka ajiye shi a gefe ka sake ɗaukar hoto. Ƙashin cinyar babban mutum yana kai wajen santimita 45, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsayinsa ke nan. Mutane ba su saba ganinsa a fili ba, shi ya sa duk wanda ya gani sai ya ce na ƙato ne. Wanda ka ɗaga kusa da kyamara kuwa, gajere mai kauri mai tsagi a ƙarshensa, ya fi kama da na ƙafar saniya. Kai wa mahauci a kasuwar Wunti ka ji. Amma akwai guda biyu a cikin kwandon da nake zaton na mutum ne, kuma wannan ya sa maganar ta canza.

Alaramma:
Bismillah. Hajiya Maman 'Yan Biyu, ki janye maganar Adawa. Alƙur'ani ya ambaci mazauninsu da Ahƙaf, malaman tafsiri kuma suka ce yankin yashi ne a kudancin ƙasar Larabawa. Ba mu da dalilin kawo su Dass. Hotunan ƙwarangwal ɗin ƙattin da suka daɗe suna yawo a waya ana cewa an tono su a hamadar Saudiyya, an gano daga gasar haɗa hoto a kwamfuta suka fito. Jingina wa addini abin da ba a tabbatar ba ba taimakon addini ba ne, don ranar da ƙaryar ta tonu, yaro zai haɗa har da gaskiyar ya yi shakka.

Jikan Maƙera, abin da Malama take nema ba baƙo ba ne a wurinmu. A shari'a hujja tana kan mai da'awa. Malaman hadisi kuma ba su karɓar magana don ta yi daɗi, sai sun tambayi wa ya ji daga wa, har zuwa tushe. Tukunyar da aka cire ba a rubuta inda take ba, ruwaya ce da isnadinta ya yanke: tana iya zama gaskiya, amma ba a gina hukunci a kanta.

Maman 'Yan Biyu:
Allah ya gafarta Malam, na goge. To amma Malama, shi gwajin nan yaya ake yinsa? Tukunyar ake sakawa a na'ura ta faɗi shekarunta?

Malamar Tarihi:
A'a Hajiya. Gwajin kabon-14 a kan abin da ya taɓa rayuwa kawai yake aiki: gawayi, ƙashi, ƙwayar hatsi, itace. Duk mai rai yana ɗaukar wannan sinadari, in ya mutu sai ya daina, wanda ke jikinsa kuma ya riƙa raguwa, rabinsa yana tafiya duk shekara 5730. Willard Libby ne ya fito da hanyar, aka ba shi kyautar Nobel a 1960. Ba ta wuce wajen shekara 50,000, ba ta auna dutse ko ƙarfe, kuma ba ta ba da shekara guda cak, tazara take bayarwa, daga kaza zuwa kaza.

Wahalar ba a na'urar take ba, a wurin ɗaukar samfurin take. In ka tsinci gawayi a ramin da tifa ta yamutsa, na'ura za ta faɗi shekarun gawayin daidai, amma wa ya ce tare yake da tukunyar? Ƙila saiwar itace ce da ta ƙone a gobarar daji. Ƙila kuma tsohuwar bishiya aka sara aka yi girki, cikinta ya girmi mai girkin da shekara ɗaruruwa. Shi ya sa masu binciken Jami'ar Frankfurt da suka fara aikin Nok a 2005 suka fi dogara da ƙonannun ƙwayoyin gero, don gero shekara ɗaya yake yi. Da irin wannan awon mai yawa suka kai farkon Nok wajen 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ba da samfuri ɗaya ba.

Ita laka da aka gasa akwai nata gwajin, ana dumama ɗan gutsure a auna hasken da yake fitarwa, a san yaushe wuta ta taɓa shi na ƙarshe. Shi ma yana son a ɗebi ƙasar da ke kewaye da abin. Kuma masu jabun mutum-mutumin Nok sun koyi liƙa tsofaffin gutsattsari a jikin sabon aiki, daidai inda ake ɗiban samfuri.

Baba Mai Ritaya:
Ina so yaron nan kada ya karaya, don manyan abubuwan da ƙasar nan take alfahari da su ba farfesoshi ne suka fara ganinsu ba. Mutum-mutumin Nok, leburorin kuza ne suka fara fito da shi a 1928. Kan mutum-mutumin lakar da aka kawo wa masani Bernard Fagg a 1943 daga Jama'a, a gona aka kafa shi yana korar tsuntsaye. Kayan tagullar Igbo-Ukwu a Anambra, mutum ne ya ci karo da su yana haƙa ramin tara ruwa a gidansa a 1938, sai 1959 masani Thurstan Shaw ya zo ya tona bisa tsari. Ga na kusa da mu, kwalekwalen Dufuna a Yobe: Bafulatani ne yana haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da itace wajen mita 5 a ƙasa. Bai farfasa ya yi makamashi ba, bai ce jirgin Annabi Nuhu ba ne. Labari ya kai ga hukuma, masana daga Jami'ar Maiduguri da Jamus suka fito da shi a 1994, ɗakunan gwaji biyu daban-daban suka auna, aka samu wajen shekara 8000. Tsawonsa ya haura mita 8. Yau ba mai musun Dufuna a duniya, kuma dalili shi ne an same shi kwance inda yake.

Ɗan Ƙofar Ran:
Baba na ji. Akwai wani abu da ban saka a bidiyon ba don na ga ƙarami ne. Wani ɗan kaskon laka mai rami biyu, ga hotonsa.

Jikan Maƙera:
Kan lofe ne ai. Kakata da irinsa take shan taba.

Malamar Tarihi:
Wannan ɗan abin ya fi duk tukwanen magana. Taba daga nahiyar Amurka ta zo, ba ta iso ƙasashenmu ba sai wajen shekarar 1600, shi ya sa masu tono a Afirka ta Yamma suke ɗaukar lofe a matsayin alamar zamani. In a cikin tukunyar yake ko a ƙarƙashinta, kufan bai wuce shekara 400 da 'yan kai ba. In kuma daga saman ƙasa ya gangaro, tukwanen suna iya girmarsa nesa ba kusa ba. A ina ka ɗauke shi?

Ɗan Ƙofar Ran:
A cikin ƙasar da muka zubar gefe yaro ya tsinta. Ban san daga wane wuri ta fito ba. Amma ni har yanzu ina ganin na ƙasan ya daɗe, don tukwanen ba irin na yanzu ba ne.

Malamar Tarihi:
Yana yiwuwa, kuma zan yi murna in haka ne. A Kariya Wuro, nan jiharmu, an tono kogon da ke da kayan aikin dutse na mutanen da suka rigayi ƙarfe, don haka daɗewar zama a ƙasar Bauchi ba abin mamaki ba ne. Amma da an ga inda lofen nan yake kwance, da yau mun rage rabin gardamar nan. Abin da ya rage shi ne bangon ramin da ba ku taɓa ba. A nan ne za a iya karanta zubin ƙasar a ɗebi gawayi mai asali. Ku ɗauki hotonsa da tef a jiki, ku rufe da buhu da ƙaya kafin ruwa ya sauka, ku roƙi masu tifa su matsa gaba. Kada a wanke sauran tsingaron, kada a haɗa na wuri daban-daban a buhu ɗaya.

Sannan doka: tun dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ba a tonon kayan tarihi sai da izininta, ba a kuma sayar da su ko fitar da su waje sai da yardarta. Suna da ofis a nan Bauchi. A sanar da mai unguwa da hakimi, a je tare.

Jikan Maƙera:
Nan ne ni da ke za mu rabu. A ƙauyenmu an taɓa samun irin wannan, wasu suka zo da mota suka ce daga gwamnati suke, suka kwashe, har yau ko takarda ba mu gani ba. Ban san ko su waye ba. Talaka ya samu abu a gonarsa, a hana shi sayarwa, a hana shi tonawa, a ɗauke, sunansa ma ba zai fito ba. Kuma gwajin da kike faɗa a waje ake yi da dala. Wa zai biya wa manomin Dass?

Malamar Tarihi:
Tambayar kuɗin gaskiya ce, kuma ita ce ta sa kufai da yawa a Arewa ba a san shekarunsu ba. Hanyar da na sani ita ce jami'a: ɗalibin digiri na biyu ko na uku da ke neman wurin bincike yana iya ɗaukar wurin, a nemi tallafin awon ta nan. Zan yi wa malamaina magana. Batun masu mota kuwa, shi ya sa na ce a bi ta hannun hakimi, duk wanda ya zo ya nuna katin aiki, a rubuta abin da ya ɗauka a sa hannu, a ɗauki hoto. Ƙanena kuma ka cire sunan ƙauyen daga bidiyon yau ɗin nan. Dillalai suna bibiyar irin wannan. Haka aka yi wa wuraren Nok da Kwatarkwashi ta Zamfara, aka rarake su, kayan suka watsu a kasuwannin Turai ba a san daga wane rami kowanne ya fito ba.

Alaramma:
Ni damuwata ƙasusuwan nan biyu da Nas ta ce na mutum ne. Ko wane ne shi, ko wane addini ya bi, ɗan Adam ne, bai kamata ya kwana a kwando ana ɗaukarsa hoto ba. A mayar da shi.

Nas Daga Gombe:
Allah ya gafarta Malam, na yarda a suturta su. Amma in an mayar cikin ramin yanzu za a ƙara yamutsa wurin. A naɗe su a farin ƙyalle a ajiye wurin mai unguwa har masanan su duba. Ɗan gutsure kaɗan ake buƙata in za a auna, sauran a binne.

Alaramma:
In na 'yan kwanaki ne babu laifi, amma a sa rana. Kuma a tambayi dattawan ƙauyen tukuna, ƙila sun san masu kabarin, ƙila ma jikokinsu suna nan da rai. In suna nan, izinin gutsuren a wurinsu yake, ba a wurinmu ba.

Ɗan Ƙofar Ran:
Na cire sunan ƙauyen. Abokina ya ce akwai wani tsoho a can da ya haura shekara 90, shi ne ya san kufan dutsen. Anti, in za ki samu zuwa ranar Asabar sai mu fara ta wurinsa kafin gidan hakimi. Baba Jikan Maƙera, kai ma ka zo ka duba kashin taman da idonka.

Jikan Maƙera:
Zan zo. Amma tukunyar nan mai lafiya ba za ta bar ƙauyen ba sai na ga takarda da hatimi.